Wasiƙa daga Amurka: Wace bindiga mai ƙaramin ƙarfi zai fara saya?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarmu in yi magana a kan abin da na san zai sa wasu masu karatu a gida su ɓata rai, wato sayen bindiga. Na san abin da wannan kalma take tuna wa mutumin Batsari ko Zurmi ko Birnin Gwari a yau. Ni ma Bakatsine ne, kuma akwai danginmu da suka bar gonakinsu ba don suna so ba. Saboda haka tun daga farko a fahimce ni: maganata a kan Amurka ce, inda nake zaune a birnin Kolombus na jihar Ohio, inda harbin saiti wasa ne da ake zuwa yi ranar Asabar kamar yadda ake zuwa ƙwallo. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 daban take, kuma ba na kiran kowa a gida ya nemi makami. Da 'yan'uwanmu Hausawa da ke nan nake, domin kullum ƙaruwa muke yi, kuma matasanmu sun fara shiga shagunan bindiga babu mai yi musu jagora.

A watan jiya, bayan an idar da sallar Juma'a, wani yaro ɗan Damagaram da nake ɗauka kamar ƙanena ya ja ni gefe ya buɗe wayarsa. Hoton baƙar bindiga ne, irin wadda ake kira AR-15. Ya ce, "Yaya, dala 800 na tara, wannan nake so." Na ce masa, "Me za ka harba da ita?" Ya ce shi dai harbi yake so ya koya. Na ce, "To ka taɓa riƙe bindiga?" Ya ce bai taɓa ba. Abin da na faɗa masa a harabar masallacin shi nake so in maimaita a nan, don na tabbata ba shi kaɗai ba ne.

Kafin nan, akwai ƙorafin da nake da shi a kanku 'yan jarida. Kowace bindiga kuka gani sai ku ce "mai sarrafa kanta", alhali iri biyu ne. Akwai wadda in ka danne kunama za ta yi ta aman wuta har sai ka saki, irin ta soja. Wannan tun 1934 dokar tarayyar Amurka ta sa mata takunkumi, kuma daga 1986 aka hana farar hula mallakar sababbin ƙira. Wadda ake sayarwa a shago ita ce mai ɗura kanta: ka ja kunama sau ɗaya, harsashi ɗaya ya fita, ƙarfin fitarsa ya tura sakata baya ta cillo kwanson, ta dawo ta saka wani. Sai ka sake ja kafin ta sake tashi. Ina ganin "mai ɗura kanta" ya fi dacewa da ita, kuma da kun riƙa bambantawa da mai karatu ya ƙaru.

Ni kakana maharbi ne. Ina yaro na sha zama kusa da shi yana ɗura bindigar toka: ya zuba albarushi, ya cusa tsumma, ya danna da sanda, ya zuba 'yan ƙarafa, ya sake dannawa. Harbi ɗaya yake da shi, in ya kuskure, zabuwa ta tafi. Shi ya sa bai taɓa ɗaga bindiga don burga ba. Wannan tunanin ne ya dawo mini ranar da wani abokin aikina, Ba'amurke, ya kai ni filin koyon harbi karo na farko, na kuma dawo gida da niyyar sai na mallaki tawa.

Da na je shago, mai sayarwar bai tambaye ni ko na iya harbi ba. Kai tsaye ya sauko mini da AR-15, ya fara jera mini kayan da zan ƙara mata, fitila da madubin hange da sauransu. Kafin ya gama lissafi mun wuce dala dubu. Allah ya taimake ni abokin nan nawa yana tare da ni. Ya nuna wata 'yar bindiga mai jikin katako a can ƙarshen kanta, ya ce a sauko da ita. Ruger 10/22 ce. Na biya abin da bai kai dala 300 ba, kuma har yau ita ce nake fara ɗauka in zan fita.

Dalilin da ya sa nake ba kowane sabon shiga shawararta ba ya wuce harsashi. Mutane suna kallon kuɗin bindiga su manta cewa sau ɗaya ake sayenta, harsashi kuwa kullum ne, kamar mota da mai. Ita 10/22 tana cin ɗan ƙaramin harsashin nan da ake kira .22 LR, wanda ake ƙerawa tun 1887. A inda nake saya, guda ɗaya bai cika kai wa santi goma ba in ka sayi babban kwali. Na AR-15 kuwa, wato .223 ko 5.56, yana kai wa rabin dala. A yinin Asabar ɗaya mai koyo zai harba ɗari biyu bai sani ba. Da ƙaramar, kuɗin bai kai dala ashirin ba. Da babbar, dala ɗari ta tafi. Yaron da ke aikin kai kaya gida-gida, yana biyan haya, yana aika wa mahaifiyarsa kuɗi duk wata, sau nawa zai iya wannan? Zai je sau biyu ko uku, ya jingine bindigar a ɗaki, ya zama mai makami wanda bai iya shi ba. Wannan shi ne mutumin da nake tsoro.

Sannan akwai maganar jiki. Kaurin harsasan biyu kusan ɗaya ne, amma na AR-15 yana gudu kusan ninki uku, ƙararsa kuma a cikin rufaffen ɗakin harbi har a ƙirji kake jin ta. Sabon hannu in ya fara da ita sai ya koyi zabura: tun kafin kunama ta saki ya runtse ido, ya danna hancin bindiga ƙasa, harbi ya sauka a ƙarƙashin inda ya auna. In wannan ɗabi'a ta kama mutum, raba shi da ita aiki ne. Ƙaramar ba ta dukan kafaɗa ko kaɗan. Kana iya buɗe ido ka ga abin da hannunka ya yi, ka gyara numfashi, ka koyi jan kunama a hankali kamar mai tatsar nono. Kada kuma wani ya raina ta don ƙanƙanta. Da irin wannan harsashi ake gasar harbi ta mita 50 a wasannin Olamfik, da shi kuma masu gudun kan dusar ƙanƙara suke harbi a gasarsu.

Ba Ruger ce kaɗai ba. Akwai Savage 64 da Mossberg 702, duk sun fi ta araha, kuma na ga masu harbi da su lafiya lau. Akwai tsohuwar Marlin 60, wadda ta fito a 1960, mai zuba harsashi a wani siririn bututu a ƙarƙashin hancinta. Ana yawan samunta ta hannu. Wanda kuma ransa ya kafe a kan siffar AR-15, kamfanin Smith & Wesson yana da M&P 15-22, siffa iri ɗaya amma ƙaramin harsashi take ci. Abin da ya sa na fi karkata ga 10/22 shi ne tun 1964 ake yinta, an sayar da miliyoyi, don haka duk ƙauyen da ka shiga a ƙasar nan akwai kayan gyaranta da wanda ya san ta. Nauyinta bai wuce kilo biyu da rabi ba, gidan harsashinta mai cin goma yana shigewa ciki ya ɓace, ba ya tokare maka hannu in ka kwanta rub da ciki.

Kuskuren da na yi da kuɗina shi ne kwaɗayin araha a inda bai kamata ba. Na sayi wani dogon gidan harsashi mai cin 25 wanda ba na kamfanin ba ne. Kowane harbi huɗu ko biyar sai ta cije, kwanso ya maƙale a bakin sakata. Na yi wata guda ina zargin bindigar, ashe laifin gidan ne. Haka madubin hange na dala talatin da na ɗora mata, yau ka daidaita shi, gobe ya kauce. Na cire shi na koma kan saitin ƙarfe da ta zo da shi, a nan ne ma na fara iya harbi. Ita dai tana son wanka, domin ƙaramin harsashin nan yana barin baƙin toka da maiƙo. Nakan shimfiɗa tsohuwar jarida a gareji in goge ta bayan fita biyu ko uku, in kuma wanke hannu da sabulu kafin in taɓa abinci, saboda darma.

Darasin da ba zan manta ba na same shi ne a ajin kwana ɗaya da na biya. Malamin, wani dattijo tsohon soja, ya karɓi bindigata a gaban layin harbi, ya zare gidan harsashi ya ajiye a kan tebur, ya dube ni ya ce, "Yanzu babu komai a ciki?" Na ce babu. Ya juya hancinta wajen tudun ƙasa, ya ja sakata. Sai ga harsashi mai rai ya yi tsalle ya faɗo a kan tebur, yana gangarawa har ya tsaya a jikin hannuna. Jikina ya yi sanyi. Wannan shi ne halin mai ɗura kanta: tana gama harbi ta riga ta saka na gaba, cire gidan harsashi ba ya fitar da shi. Daga ranar ban sake karɓar bindiga daga hannun kowa ba sai na buɗe sakata na leƙa da idona. Sauran ƙa'idojin da ya koya mana ba baƙi ba ne ga Musulmi, tunda Manzon Allah (SAW) ya hana mutum ya nuna ɗan'uwansa da makami. Ba ka juya hanci wajen abin da ba ka nufin harbi, yatsa ba ya shiga wajen kunama sai ka gama saiti, kuma ka san abin da ke bayan abin da ka auna, domin ɗan harsashin nan yana iya tafiyar fiye da mil ɗaya.

A ɓangaren doka nake roƙon 'yan'uwa su fi kula, don mu baƙi ne, kuskure ɗaya yana iya cin takardun mutum. A shago za a ba ka fam mai lamba 4473 ka cike, a tura sunanka wajen hukumar FBI a bincika. Ƙarya a kan wannan fam babban laifi ne. Mai katin zama na dindindin, wanda muke ce wa girin kad, yana iya saya. Mai bizar karatu ko ta ziyara kuwa dokar tarayya ta hana shi, sai a wasu keɓantattun halaye, kuma irin wannan lauya ya kamata ya tambaya, ba abokai ba. Shekarun saye a dokar tarayya 18 ne ga doguwar bindiga, amma jihohi irin su Fulorida sun mai da shi 21, wasu jihohin kuma irin su Kalifoniya da Niyok suna da tsauraran dokoki a kan nau'in AR-15. Abin da na fi jin tsoro a kanmu shi ne kara. Wani zai ce, "Don Allah saya mini da sunanka, ni takarduna ba su fito ba." Kada ka yarda ko uwarku ɗaya ubanku ɗaya. Tun 2022 hukuncin wannan yana kai wa shekara 15 a gidan yari. Haka cusa bindiga a cikin mota ko kwantena a aika gida: laifi ne a nan, laifi ne a can, kuma mu ne muka fi kowa sanin hannun da take ƙarewa.

Mai son farauta ma ya bincika kafin ya saya. A nan Ohio ƙaramar ta kurege ce da zomo, ba a yarda a harbi barewa da ita ba, kuma .223 ɗin da matasa ke rububi ita ma ba ta cikin waɗanda aka amince da su a farautar barewa a jihar.

Uwargidata ba ta so shigowar bindiga gidanmu ba, kuma tana da gaskiya. Sharaɗin da ta sa shi ne akwatin ƙarfe mai makulli ya riga bindigar shigowa. Haka aka yi. Bindiga a kulle babu harsashi a cikinta, harsashi a wani wurin daban shi ma a kulle, makulli a jikina. A ƙasar nan fiye da rabin waɗanda bindiga ke kashewa kansu suka kashe, kuma tun 2020 alƙaluman hukumar lafiya ta CDC suka nuna harbin bindiga ya zarce haɗarin mota wajen kashe yara da matasa. Gidajenmu kuwa gidajen yara ne, na gida da na baƙi. Wanda kuɗinsa bai kai na akwati ba, to bai kai na bindiga ba tukuna, ya ci gaba da hayar ta filin harbi.

Haka muka raba dala 800 ɗin ƙanen nan nawa a bayan wata takarda: kusan 300 bindiga, 150 akwati, abin toshe kunne da tabarau da kayan shafa kamar 60, kuɗin aji 100, sauran kuma harsashi da kuɗin shiga fili. Bai ji daɗi ba da farko, ya ce abokansa za su ce ta yara ce. Na ce ya bari sai mun je. Asabar ɗin da ta wuce na ɗauke shi, na ba shi tawa, muka kafa takarda a yadi 25. Goman farko sun watsu kamar an watsa wa kaji tsaba. Kafin la'asar ya tara goma a wurin da tafin hannu zai rufe. Ya ciro takardar ya naɗe ta ya sa a aljihu, ya ce zai kai wa matarsa ta gani. Ajinsa kuma sati mai zuwa ne, ni zan kai shi.

Na gode da wannan fili. Allah ya kawo mana zaman lafiya a gida.

Naku,
Wani mai karatu daga Kolombus, jihar Ohio, Amurka