A kula da igiyar injin sare itace a gangare

Ya Edita,

Ina roƙon ɗan fili in ja hankalin masu aikin katako kan dabarar ɗaure injin sara da igiyar ƙarfe a gangaren tsauni, wadda ta yaɗu a Niyu Zilan.

Ana girke katafila mai naɗe igiya a saman tudu, a kafe bakin katafilar cikin ƙasa, a ɗaura igiyar a gindin injin, sannan ya gangara. Ma'aikaci ya ajiye zarto ya shiga ɗakin tuƙin injin mai kariya, kuma wannan ya rage haɗari ƙwarai.

Amma igiyar tana taimaka wa injin ya riƙe ƙasa ne kawai. Wurin da ba zai iya tsayawa da kansa ba idan ta tsinke, kada a kai shi. Nauyin da ke kanta kada ya wuce kashi 1 cikin 3 na abin da zai tsinka ta.

Abin da ya fi damuna shi ne aiki bayan ruwan sama. Ƙasa ta jiƙe, sarƙar ƙafafun injin tana juyawa a wuri ɗaya, ya zame ya fizgi igiya farat ɗaya. Haka idan igiyar tana gogar dutse ko kututture, silin wayoyinta na karyewa ɗaya bayan ɗaya, musamman kusa da ƙugiya. A duba nan kowace safiya kafin a tayar da inji.

Wassalam,
Mai karatunku