Samarin fada ba su ƙi ilimi ba, ba a kai musu shi ba ne

Zuwa ga Shugaban sashen shirye-shirye,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka baki ɗaya, na rubuto ne a kan shirin da kuka watsa daren Lahadi, wanda ya ɓata mini rai matuƙa, kuma na ga gara in faɗa maka kai tsaye da in zauna ina gunaguni a ƙofar gida. Baƙon da kuka gayyato ya cinye lokacin shirin yana caccakar samarin fada, wato majalisar hira da samari ke kafawa a unguwa, wai shayi da karta da waya sun kashe musu ƙwaƙwalwa, shi kuwa mai gabatarwa ba abin da yake cewa sai "haka ne, Malam", bai ko tambaye shi yaushe rabonsa da ya zauna a bencin wata fada ba. Da aka buɗe layi kuma, duk wanda ya kira don ya kare samarin sai a katse shi da cewa lokaci ya ƙure, amma da wani ya kira yana ƙara musu zagi, sai aka sakar masa layi ya yi ta zuba har ya gaji don kansa.

Ni tsohon malamin lakwal ne, wato makarantar boko, na koyar a ƙauyukan Adar kafin in yi ritaya in dawo Tawa, kuma akwai fada a jikin katangar gidana, saboda haka abin da zan faɗa da idona nake ganinsa kullum bayan sallar isha'i. Cikin masu zama a wurin akwai ɗan kabu-kabu, akwai tela, akwai ɗaliban jami'a, akwai kuma waɗanda suka dawo daga cin rani a Abijan ko Libiya suna jiran damina. Gaskiya ne suna dafa shayi, daga na farko mai ɗaci har na uku, amma shayin dalilin zama ne kawai. Abin da ke riƙe su har tsakar dare shi ne gardama da dara.

Ina so Malamin naku ya zo ya kalli darar nan sau ɗaya. Ramuka talatin ne ake tonawa a ƙasa, kowane ɗan wasa da 'ya'ya goma sha biyu, wannan da guntayen kara, wancan da tsakuwa. Lokacin da ake zuba 'ya'yan ba a yarda mutum ya jera uku ba, don haka tun daga ɗan farko da ya aje sai ya lissafa inda zai buɗe wa kansa hanya da inda zai toshe wa abokin karawarsa, sa'an nan in an fara tafiya duk wanda ya jera uku ya cire ɗan abokinsa guda. Gwanin fadarmu shi ne ɗan kabu-kabun nan, yaron da aka sallama daga lakwal tun yana ƙarami da sunan ba ya gane lissafi. Yakan tsuguna ya dafe haɓa, ya yi shiru har shayinsa ya huce, sai ya ɗaga kara ɗaya ya matsar da shi rami guda, 'yan kallo su yi ta yi masa dariya suna cewa ya ba da kyauta. Bayan tafiya huɗu ko biyar sai ka ga ya kafa tarkon da duk motsin da ya yi ci ne, ɗalibin jami'ar da ke gabansa yana zufa. Na koyar da lissafi shekara da shekaru, kuma na san aikin ƙwaƙwalwa in na gan shi. Wanda ya kira wannan zaman banza bai san abin da yake magana a kai ba.

Haka abin yake ga kokowa. A nan Tawa aka yi gasar ƙasar Nijar ta farko a 1975, kuma a fadar nan akwai yaran da ba a haife su ba a lokacin, amma za su jero maka wanda ya ɗauki takobin da ake ba zakaran gasar a shekaru da dama, da jihar da ya fito, da irin kamun da ya ka da abokin karawarsa da shi, in ɗaya ya yi kuskure sauran su gyara masa nan take. Yaron da ya riƙe wannan duka a ka ba riƙo ne ya gagare shi ba.

Ban ce fada ba ta da aibi ba. Akwai daren da za ka tarar kowa ya sunkuyar da kai kan wayarsa yana kallon guntayen bidiyon raye-raye, ba mai ce wa kowa uffan, kuma cacar ƙwallon Turai da ta shigo ta waya ta raba wasu da kuɗin da suka wuni suna nema a rana. Wannan na gani, kuma ina yi musu faɗa a kai kamar yadda zan yi wa 'ya'yan cikina. Abin da ya ƙona mini rai shi ne maganin da baƙonku ya kawo, wato wai su tashi daga fada su je su karanta littafi. Wane littafi, a ina, kuma da wane harshe? In ka cire littattafan addini da 'yan labaran soyayya da fatake ke kawowa daga Kano, zagaya kasuwar Tawa ka gani ko za ka samu littafin Hausa guda a kan tarihi ko noma ko lafiya. Na Faransanci kuwa, ko an same shi, kuɗinsa ya fi abin da tela zai iya cirewa daga cefanen gida, kuma rabin masu zama a bencin ba za su iya karanta shi ba. Mutumin da ke da ɗaki cike da littattafai da fanka a kansa bai kamata ya zo rediyo ya yi wa waɗannan gori ba.

Ga abin da ya sa na tabbata ƙishirwar ilimi na nan. Wani dare telan ya tambayi ɗaya daga cikin ɗaliban ko wane ne Djibo Hamani da aka sa wa jami'armu sunansa. Ɗalibin ya ce masanin tarihi ne da ya yi bincike a kan Adar, ya kuma ɗan ba su labarin yadda Agabba, ɗan Sarkin Agadas, ya kafa sarauta a ƙasar Adar, da yadda sarautar ta zauna a Illela. Ranar ba wanda ya taɓa waya. Wannan ya ce kakansa ya ba shi labarin da wata siga dabam, wancan ya ce ƙarya ne, mutanen garinsu ba su taɓa bin kowa ba, har sai da suka ƙwanƙwasa mini ƙofa don in raba gardama, washegari kuma ɗalibin ya dawo da takardun da ya kwafo ya riƙa karantawa yana fassara musu. Ashe dama abin da za a tattauna ne babu.

To wa ya kamata ya kawo shi? Ku ne, Malam Shugaba. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ka ɗauki jadawalin tasharku daga isha'i zuwa tsakar dare, wato daidai lokacin da fada ke cika, ka duba abin da ke ciki: gaishe-gaishe, waƙoƙin da masu saurare suka zaɓa, tallan maganin gargajiya mai warkar da kowace cuta, sai kuma gaishe-gaishe. Ba na ƙin waƙa, kuma wanda ya wuni yana fama da rana yana da haƙƙin ya huta ya yi dariya, amma tashar da ta ba nishaɗi dukan darenta ba ta da bakin da za ta ce samari sun kasa haɗa nishaɗi da ilimi. Ƙasar nan ta san yadda ake yin abin tun da daɗewa. Tun 1962 aka kafa ƙungiyar kulob-kulob na rediyo, inda mutanen gari kan taru su saurari shiri tare, su tattauna a kansa, a ɗauki muryoyinsu a mayar gidan rediyo a watsa. Mu da muka girma muna jin wasannin kwaikwayon Hausa na 'yan Damagaram mun san cewa mutum na iya dariya har hawaye kuma ya tashi da abin tunani. Fada taro ce da ta riga ta haɗu da kanta, ba a biya kowa ya zo ba, a kowace unguwa ta Tawa da Ƙonni da Madawa. Me zai hana ku ware rabin awa a mako ku karanta wani yanki na tarihin Adar, ko ku jefa kacici-kacici da lissafin ƙwaƙwalwa, fadodi su yi gasar amsawa ta waya? Yanzu da aka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a 2025, ban ga uzurin da ya rage muku ba.

Tun da na ɗauki alƙalami, bari in ƙara da wannan: sanarwar farashin kasuwa da kuka mayar daidai lokacin sallar magariba ba ta da amfani ga kowa. Manoman albasa da dillalai duk suna masallaci a lokacin, kuma maƙwabcina da ke sayo albasar Galmi ya sha yi mini ƙorafi. Ku mayar da ita inda take a da.

Ina roƙon a karanta wasiƙar nan a shirin mako mai zuwa ba tare da an yanke ta ba, kuma in za a sake tayar da zancen, a gayyato 'yan fada biyu ko uku su zauna gaban makirufo su amsa da bakinsu. Samarin ƙofar gidana sun ce a shirye suke, sun kuma ce in gaya wa baƙon naku ya zo su buga dara.

Wassalam.

Mai sauraronku,
Tsohon malamin lakwal, Tawa