A riƙa gwada garin magani tun kafin ya zama ƙwaya

Assalamu alaikum Edita,

Don Allah a ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini in taɓo wani ɓangare na harkar magani da ba a cika maganarsa ba. Ni a ɗakin gwaji nake aiki, kimiyyar sanin yanayin kayayyaki na karanta, kuma aikina shi ne bincikar gari da ruwan da ake haɗa magani da su kafin su zama ƙwaya ko sirop.

In ana zancen jabun magani hankalin jama'a kan kwali yake tafiya, da lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Duk suna da muhimmanci, amma wallahi sau da yawa ɓarnar tun daga durom ɗin kayan haɗi take farawa, kuma galibinsu daga Indiya da Sin ake shigo mana da su. Ku tuna My Pikin a 2008, maganin haƙoran jarirai da ya kashe yara sama da 80 a ƙasar nan, wani sinadari mai guba da ake kira DEG, irin wanda ake sawa a man birki, shi aka zuba a madadin ruwan haɗin na gaskiya. Dukansu ba su da kala, suna da ɗan kauri da zaƙi-zaƙi, ido ba zai raba su ba, amma DEG ƙoda yake kashewa. A 2022 aka sake yi a Gambiya, yara kusan 70 suka tafi saboda maganin tari. Na'urar GC, wadda ke rarrabe sinadaran da ke gauraye a cikin ruwa, a wuni ɗaya za ta tona wannan.

Akwai ma wanda ya fi ɓuya. Sai ka ga gari biyu farare tas, sinadari ɗaya ne babu algus, amma yadda ƙananan ƙwayoyin sinadarin da ido ba ya gani suka jeru a ciki ya bambanta, ɗaya ya narke a ciki ya shiga jini ɗayan kuma ya ƙi narkewa yadda ya kamata. Mukan ɗebi ɗan kaɗan mu shafe shi sumul a faranti mu sa a na'urar XRD, wadda ke haska garin da hasken X-ray don ta nuna yadda ƙwayoyin nan suka jeru, sai layuka masu tsini su fito a kwamfuta, in tsini ɗaya ya fito inda bai kamata ba to mun san garin ya sauya. Haka ta faru da ritonavir, maganin ƙanjamau, a 1998, sai da kamfanin Abbott na Amurka ya janye kafson daga kasuwa. Zafi da damshi ma kan iya sauya gari, to ina ga mu da zafin Maiduguri da Sakkwato ke wuce digiri 40, ga damshin damina, ga kwalaye jibge a kemis mai rufin kwano?

Abin da ke ci min rai shi ne na'urorin akwai su a wasu jami'o'inmu, amma an lulluɓe su da leda, ko babu wuta tsayayya, ko gas ya ƙare, ko wani ɗan ƙarfe ya lalace babu mai gyara, sai ɗalibi ya tura samfurinsa wata jihar ya yi ta jira har ya gaji.

Roƙona ga TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, da gwamnonin Arewa, duk na'urar da za a saya a haɗa da kuɗin sola da gas da horar da masu gyara. NAFDAC kuma ta matsa wa kowane kamfani ya gwada kowane durom da ya shigo masa, kar ya tsaya kan takardar da dillali ya miƙo.

Naka,
Wani ma'aikacin ɗakin gwaji, Zariya