Godiya ga ma'aikatan shagon bobinaj na gefen Katako

Assalamu alaikum.

Ni ɗaliba ce a shekara ta 3 ta lisans ɗin injiniyancin lantarki nan Yamai. Na ga ya dace in gode wa Alhaji mai shagon naɗin moter na gefen kasuwar Katako, shi da yaransa, a gaban jama'a.

Karatunmu ba ya kammala sai da estaj, wato koyon aiki a hannu, da rapor. Kafin in iso wurinku na sha yawo da takardu cikin zafin Afrilu. Wani wurin gardi ne zai tare ni tun a ƙofa, wani su karɓi dosiye su ce za su kira, shiru kake ji. Akwai inda aka tambaye ni ɗiyar wa ce ni, ba a ko buɗe takardun ba. Wani ya ce mini lantarki ba aikin mata ba ne. Alhaji kuwa tambaya guda ya yi: na san bambancin haɗin etuwal da na tiriyangal, wato hanyoyi biyu na haɗa naɗi ukun moter? Da na amsa, ya ce in zo Litinin da takalmin aiki. Wallahi sai da na yi hawaye.

Baba, tsohon da ke naɗin, Allah ya biya ka. Ran da aka kawo moter ɗin famfon wani mai lambu daga bakin kogi, ka buɗe ka nuna mini naɗi biyu sun yi baƙi ƙirin, na ukun lafiya lau. Ka ce, "Ɗiyata, faz guda ce cikin layukan wuta uku ta ɗauke, mai shi kuma bai sa rele mai kare moter ba." Ba ka bar ni na yanke waya ba sai da na ƙirga zagayen, na auna kaurin jan ƙarfen, na rubuta. Bayan varnis da gashi ma, sai mun auna izolasiyo, mu tabbatar wuta ba ta zurarewa, kafin a ba moter ɗin volt 380. Ba ka taɓa aike na sayen shayi ba.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne manyan wurare masu kilima da motoci su ne suka fi rufe ƙofa. An kafa tashar hasken rana ta megawat 7 a Malbaza a 2018, ga ta Gorou Banda mai megawat 30 tun 2023, ga madatsar ruwa ta Kandadji ana jira. Wa zai riƙe su in ɗalibi bai da inda zai taɓa waya sai yana da uwa a gindin murhu? Abokan karatuna da dama har yau suna nema.

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi, ya kare ku daga sharrin wuta.

Ɗalibarku, daga unguwar Talladje.