Barka da Kirsimeti daga Ingila

Lids, 25 ga Disamba

Mama da Baba da duk mutanen gida, barkanmu da Kirsimeti. Ya sanyin hunturu? Ina fata kowa ya tashi lafiya.

Nan ko ƙarfe huɗu ba ta yi ba duhu ya rufe gari. Ba bas, ba jirgin ƙasa, kantuna a rufe, kowa ya kulle ƙofa da iyalinsa. Da ƙafa na je sujada. Duk waƙoƙin na san muryarsu, amma ba ganga, ba 'yan Zumuntar Mata masu shigowa da rawa da guɗa, awa ɗaya aka sallame mu. A gidan tsofaffin da nake aiki an gasa talotalo, ko ɗigon yaji babu, kowa ya kafa hular takarda har da ni. Da Auta ta gan ni da ta sha dariya.

Mama, shinkafa kam na dafa tawa. Yawon kai kwano ne ya tsaya mini a rai. Ki jera samira a tsakar gida, ki zuba shinkafa da miya, ki ƙirga nama ki ɗora, a ɗaure da ɗankwali, mu bi Wusasa gida-gida, mu fara da gidan Alhaji mai aiko mana da naman layya. Shekarar da ba kwa ga-maciji da Gwaggo kan iyakar gona, kwanonta ya fi na kowa nama. Ta karɓa fuska a murtuke, ta juye, ta wanke, ta cika shi da cincin. Sai da damina ta faɗi kuka shirya, amma kwanon dai ya je ya dawo.

Daren jiya na karanta Matiyu sura ta 1, jerin sunayen nan da muke tsallakewa. Ga Yakubu da ya yi wa wansa wayo, ga Yahuza da Tamar, ga Dawuda da matar Uriya. Yusufu ma har ya ƙudura rabuwa da Maryamu a ɓoye. Cikin wannan zuriyar aka haifi Almasihu, Allah bai jira sai sun gama gyara tsakaninsu ba.

To Yaya, da kai nake. Maganar kuɗin rufin ɗaki tana nan daram, a gaban Baba za mu ƙarasa ta. Amma na turo wa yaranka kuɗin takalma, kuma barka da Kirsimeti. In na kira ka ɗauka.

A gaida Kaka da kyau, a zauna kusa da kunnenta na dama a ce mata jikarta tana cin abinci, ba ta rame ba, rigar sanyin da na aiko kuma ta sa ta, ta daina ajiyarta a ƙasan akwati. A ba ta hanta, naman ya yi mata tauri. Gwaggo ina gaisuwa, ina bin ta bashin cincin. Auta, ki turo hoton ɗinkinki da lallen, ban yarda da "gobe" ba. A gaida Alhaji da Hajiya, da Baba Fasto da 'yan kwaya. Kawu ma a gaishe shi.

In wani zai taso, a sako mini daddawa da kuka.

Taku,
'yarku ta Ingila