Rahoton ayyukan shekara na ƙungiyarmu ta masu zanen gini da magina, Gusau

Assalamu alaikum iyayenmu magina, 'yan uwa akitek da injiniyoyi da birkiloli da kafintoci, da ƙannenmu ɗalibai. Shugaba ya ce in rubuto muku abin da munka yi a bana, in sa a zauren ƙungiya kowa ya karanta kafin ranar taro, don kada mu ɓata lokaci ranar da karatun takarda.

Kun dai tuna tun farkon shekara munka yi shawara cewa bana ba maganar neman kwangila kaɗai za mu sa gaba ba, za mu duba alhakin da ke wuyanmu a kan mutanen da za su kwana cikin abin da muke zanawa, da maƙwabtansu, da ƙasar da muke haƙa. To aikin da ya fi cin mana lokaci shi ne maganar ƙasar gini, kuma ni a ganina shi ne ya fi komai muhimmanci a cikin rahoton nan.

Duk ɗan Zamfara ya san abin da ya faru a 2010 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, su Dareta da Abare da Yargalma, daga baya Bagega, lokacin da gubar dalma ta kashe yara sama da 400. Dutsen zinare mai ɗauke da dalma aka riƙa kawowa cikin gida ana niƙawa ana wankewa, ƙurar ta zauna a tsakar gida inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki. Da likitocin ƙungiyar agaji ta ƙasa da ƙasa MSF sunka zo, magani kaɗai bai isa ba, sai da anka bi gida gida ana kankare ƙasar sama ana kwashewa ana zuba mai tsabta, Bagega ma sai 2013 anka yi mata. To mu da muke ta wa'azin a koma ginin ƙasa saboda sanyi da arha, dole mu faɗi ɗaya gefen. Magini zai iya ɗebo ƙasa daga kududdufin da anka taɓa wanke dutse a cikinsa, ya kwaɓa ya yi tubali ya yi yaɓe, ɗaki ya fito fes, alhali ya manna ma iyali guba a bango, kuma dalma ba ta ruɓewa, tana nan. Shi ya sa munka zauna da magina da masu ɗebo ƙasa da ke aiki ta wancan ɓangaren, akasari nan Gusau munka gayyato su saboda halin da hanya take ciki, munka tsaya a kan cewa kafin a haƙa a tambayi dattawan wurin ko an taɓa aikin ma'adini a nan, in an taɓa ko ana shakka a bar wurin ko da ya fi kusa. Wani dattijo a cikinsu ya ce shi ƙasa da hannu yake gane ta, in ya murza ya san mai danƙo da mai yashi, amma wannan hannunsa bai taɓa gaya mashi ba. Wallahi wannan zaman kaɗai ya isa a ce ƙungiya ta yi aiki bana.

Sai ajin gwaji da munka gina ma wata makarantar Islamiyya a bayan gari da kuɗin gudummawarku. Bulon ƙasa matsattse munka yi amfani da shi, jar ƙasa da ɗan siminti kaɗan a matse a inji, fandisho kuma na dutse munka ɗaga shi sama yadda ruwan damina ba zai ci gindin bango ba. Kwanon ba mu ɗora shi kai tsaye ba, mun bar rata tsakaninsa da silin iska na ratsawa, baki kuma ya fito sosai yana ba bango inuwa, tagogi suna kallon juna. Duk wanda ya shiga lokacin bazara da rana tsaka ya ji bambancinsa da tsohon ajin bulon siminti da ke gefensa, inda malam kan fito da yara gindin bishiya saboda zafi. Irin wannan dabarar ce mai zanen gini Francis Kéré ya yi a makarantar ƙauyensu Gando a Burkina Faso, mutumin da ya ci babbar kyautar zanen gini ta duniya, Pritzker, a 2022, kuma ga mai zanen gini Mariam Issoufou nan kusa a Nijar da aikin masallaci da ɗakin karatu na Dandaji. Masallacin Yaama ma, can Nijar, da Falke Barmou ya gina da ƙasa ya samu kyautar zanen gini ta Aga Khan tun 1986, magini ne irin iyayenmu da ke cikin wannan ƙungiya. Ɗalibanmu na Kaura Namoda da Talata Mafara sun yi ƙoƙari ƙwarai a wurin matsa bulo, Allah ya yi musu albarka. Abin da ya rage yanzu shi ne shawo kan masu gida, don har yanzu da ka ce ƙasa sai mutum ya ga kamar ka raina arzikinsa, duk da yadda kuɗin siminti ya tashi tun 2024.

Maganar ruwa kuma, ambaliyar Gummi ta 2024 ta isa darasi. Da damina ta kama mun zaga wasu unguwanni nan cikin gari mun ga inda anka toshe hanyar ruwa da katanga, da kwalbatin da shara ta cike, da sabbin fulotai da anka yanka cikin fadama. Mun rubuta abin da munka gani mun kai ma masu unguwanni. A nan ne nake so in jinjina ma wani ɗan uwanmu da wani mai kuɗi ya kawo ma aikin shaguna a kan magudanar ruwa, ya ƙi zanawa ya ƙi sa hatiminsa na amincewa da zanen, ya rasa aikin. An ce wani can ya karɓa ya yi. Ranar da ruwan nan ya rasa hanya gidajen talakawan da ke ƙasa zai shiga, shagunan ba abin da zai same su. Don haka maganar ba da aron hatimi a kan zanen da mutum bai ko duba ba, za mu tado ta a taro, kuma kwamitin ladabtarwa ya ce ba sani ba sabo.

Dokar kare haƙƙin masu buƙata ta musamman da anka sa ma hannu a Janairun 2019 ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara, wa'adin ya wuce. Mun yi ma masallatai biyu da wani ƙaramin asibiti zanen gangarar keken guragu kyauta, kuma don Allah a daina yin gangara mai tsayuwa wadda ko mai ƙafa sai ya dafa bango.

'Yan uwanmu da rashin tsaro ya koro daga ƙauyuka suna kwana a kangayen da ba a gama ba, ba ƙofa ba makewayi. Mun samu masu kango da sunka yarda, kafintocinmu sun sa ƙyaure da tagogi, an haƙa masai nesa da rijiya. Kaɗan ne ƙwarai in an kwatanta da buƙata, kuɗin asusu ne ya tsayar da mu. Dashen bishiya ma bai yi kyau ba, awaki sun cinye mafi yawa, nan gaba sai da shinge za mu dasa, kuma duk zanen da ya fito daga hannun ɗan ƙungiya ya nuna gurbin bishiya a tsakar gida.

Leburori sun kawo ƙorafi a kan riƙe musu kuɗin yini da hawa sama ba tsani mai kyau, wannan ma yana cikin ajanda. Ma'aji zai karanta lissafin shiga da fita dalla-dalla ranar taro, waɗanda ake bi kuɗin wata don Allah su biya kafin nan, saboda muna son fara aji na biyu kafin ruwa ya sauka. Wanda ke da injin matsa bulo ko ya san inda za a samu haya da sauƙi ya yi ma shugaba magana.

Allah ya ba mu zaman lafiya a jiharmu.

Sakataren ƙungiya