Rahoton Ayyukan Shekara ga 'Yan Ƙungiya: Tsofaffin Baburanmu na Japan

Assalamu alaikum dattawanmu da sauran 'yan uwa. Ga abin da kwamitin gudanarwa ya yi da amanar da kuka ba shi a wannan shekara.

Aikin da ya fi cin lokacinmu da kuɗinmu shi ne tsere da 'yan gwangwan. Tsufa ba ya kashe Honda Benly ko Suzuki A100. Abin da ke kashe su shi ne ranar rabon gado, lokacin da magada suka buɗe shagon zaure suka tarar da babur ya yi shekaru a jingine, tayoyi sun zauna, kaji na ƙwai a ƙarƙashinsa, sai a kira mai sikeli ya auna shi a kan kilo. Shi ya sa muka roƙe ku tun farkon shekara cewa duk wanda ya ji labarin irin wannan a unguwarsu ya sanar da mu kafin a sa guduma. Kun yi ƙoƙari. Wanda ya fi faranta mana rai shi ne wani Honda CD175 da aka samu da takardunsa na asali cikin leda a ƙarƙashin kujera. Na wani malamin firamare ne, Allah ya jiƙansa, kuma iyalinsa sun ce da kuɗin Udoji, wato ƙarin albashin da aka yi wa ma'aikatan gwamnati, ya saya a tsakiyar shekarun 1970. Injin ya cije, sai da aka jiƙa fistin da kananzir na tsawon makonni kafin ya saki. Yanzu yana tashi da bugu ɗaya, kuma babban ɗan marigayin ya karɓi katin ƙungiya.

Kayan gyara kuwa har yanzu ciwon kai ne. Wakilanmu sun zaga Ƙofar Ruwa da Panteka ta Kaduna, sun kuma yi magana da 'yan kasuwar da ke saro kaya daga Nnewi. Ana samun ringi da fulogi da sarƙa. Abin da ya yi wuya shi ne batir da ƙwan fitila masu volt 6, domin kasuwa ta koma 12 tun da Jincheng da Bajaj suka mamaye titi. Wasu sun ba da shawarar a sauya wayoyin gaba ɗaya su koma volt 12. Kwamiti bai hana ba ga wanda yake hawan babur ɗinsa kullum, amma wanda zai fito baje koli a matsayin na asali, a bar shi yadda kamfani ya ƙera shi. Haka nan batun fenti: tankin da ya koɗe amma na gado ne ya fi mana wanda aka fesa jiya.

Muka kuma buɗe zaman koyarwa duk Asabar ɗin ƙarshen wata, inda dattawan kanikawa biyu da suka yi zamani da waɗannan injuna suke nuna wa matasa saita kontak, wato ɗan ƙarfen da ke buɗewa da rufewa don fulogi ya ba da wuta, da wanke kabireta. Yaron da ya koyi aiki a kan baburan yau bai taɓa ganin kontak ba, da ya ga wuta ta ɗauke sai ya ce a sayi sabon kwayil. Wani gargaɗi da dattawan suka yi ta maimaitawa ya cancanci shiga rahoto: masu Yamaha YB100 da Suzuki A100 su daina cire famfon baƙin mai suna zuba shi cikin fetur da ka. A A100 musamman, famfon ne ke kai mai ga wani ɓangare na injin, wanda ya cire shi zai ji a aljihunsa.

Fitar shekara mun yi ta ne zuwa madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974, wato sa'ar da yawa daga cikin baburan da suka je. Kowa da hular kwano da takardu. Wanda ya fi jan jama'a a hanya ba babban Honda CB750 na baƙonmu daga Kaduna ba ne, duk da cewa shi ne babur mai silinda huɗu da birkin faifai da ya girgiza kasuwar duniya a 1969. Ƙaramin Honda C70 ne. Duk inda muka tsaya sai wani dattijo ya matso ya ce irinsa ya kai amaryarsa asibiti haihuwar fari. Ba abin mamaki ba ne, tun 1958 ake ƙera wannan zuri'a ta Super Cub, kuma a 2017 Honda ta sanar da cika guda miliyan 100. Fita ta biyu da muka tsara zuwa Daura ba ta yiwu ba. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kowa ke lissafi kafin ya buga kik.

Ma'aji zai karanta cikakken lissafin kuɗi a babban taro. A taƙaice dai, kuɗin wata-wata bai shigo yadda ya kamata ba, kuma wasu da suka fi kowa magana a WhatsApp su ne suka fi kowa bashi.

A shekara mai zuwa muna so mu buɗe rajistar lambar inji da ta firam na kowane babur, saboda sata da kuma rikicin gado. Kowa ya zo babban taro da takardunsa, wanda nasa suka ɓace ya ga sakatare kafin ranar.

Sakataren Ƙungiya, a madadin kwamitin gudanarwa